Fayil ɗin da ban buɗe ba

A makon nan na karɓi sakamakon digirina na biyu a fannin tarihi, bayan jinkirin wata takwas da kuskure ɗaya ya jawo mini. A babi na uku na kawo wata magana daga rahoton wani jami'in mulkin mallaka game da karɓar jangali, na sa lambar fayil da shekara tamkar na gani da idona, alhali daga kundin wani ɗalibi da ya riga ni na kwaso ta. Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a shafin ya ce, "Malam, ka riƙe wannan fayil da hannunka?" Na ce, "Allah ya gafarta malam, ban riƙe ba." Malamin da ya duba aikina, wanda ya sa hannu a babin har sau biyu, bai ce uffan ba, kuma har yau shirun nan yana yi mini ciwo.

Da na je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna aka fito mini da fayil ɗin, sai na tarar maganar ba ta Baturen ba ce. Hakimi ne ya faɗa, tafinta ya juya, Baturen ya rubuta, sannan a sakin layi na gaba ya nuna bai yarda da ita ba. Wanda na kwafa daga gare shi ya yanke wannan ɓangaren, ni kuma na gina hujjar babi guda a kan ragowar. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tun a Islamiyya aka koya mana cewa ba a karɓar hadisi sai an bi isnadinsa, an san wa ya ji daga wa, amma ban taɓa kawo wannan cikin aikin boko ba.

Watannin gyara a ɗakin karatu na Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, na yi su. A can na fara karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ina tuna cewa hukumar mulkin mallaka ce ta kafa ta a 1939, don haka abin da ta yi shiru a kai ma abin lura ne. Hira da dattijo kuwa, ina rubuta sunansa da garinsa da ranar tun kafin in tashi daga tabarmarsa. Sabon babin ya fi na farko gajarta, amma babu takarda ɗaya a cikinsa da ban buɗe da hannuna ba.