Godiya bayan sunan 'yarmu ta fari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa da abokan arziki, jiya Laraba aka gama suyar naman suna aka raba, an naɗe tabarmi, an mayar da kujerun aro, gida ya lafa. Sai yau na samu na zauna da wayata, na tarar da kira da saƙonni sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Waɗanda ya wajaba in taka ƙafa da ƙafa in same su a gida, zan je in sha Allahu, wannan rubutu bai ɗauke mini zuwan ba.

Ga wanda labari bai kai masa ba: Allah ya sauki mai ɗakina ranar Talatar makon jiya da safe, a nan Zariya, an sami 'ya mace, ita ce ta fari a gare mu. Shekaranjiya Talata aka raɗa mata suna Asma'u. Uwa da 'ya suna samun lafiya, alhamdu lillahi.

Na san al'adarmu, uba ba ya yawaita magana a kan ɗan fari, wani ma ko ɗaukarsa ba ya yi a gaban manya. Dattawa su yi mini afuwa. Mutane da yawa sun tambaye ni a wurin suna, wasu a bayyane wasu a kunne, yaya aka yi ba a sa sunan Hajiya mahaifiyata ba, alhali kowa ya san ita ake wa tanadin takwara. Amsar tambayar nan ita ce babbar godiyar da nake da ita, don haka sai na ba da labarin daga farko.

Tun ciki yana wata biyar mai ɗakina ta ware bayan wani littafi tana tara sunaye. Idan namiji ne babu gardama, sunan Baba mahaifina za a sa, a riƙa kiransa Abba ko Khalifa kamar yadda ake yi. A wajen mace ne shafin ya cika: Afnan, Iman, Amal, Nihal da ire-irensu, irin waɗanda ake yayi yanzu. Har na kai wa malaminmu na masallaci jerin don ya duba mana. Ya ce Afnan rassan itatuwa ne, kalmar tana cikin Suratur Rahman wajen siffanta Aljanna, babu laifi a cikinta. Abin da ya ja kunnena a kai shi ne yadda wasu ke buɗe Alƙur'ani su tsinci kalma don daɗinta a baki kawai, ba su tambayi ma'anarta ba, yaro ya girma yana amsa abin da ba a so. Ya tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma ya sha canza wa mutane suna, kamar wadda ake kira Barra ya mayar da ita Zainab. Ya ce suna hakkin ɗa ne a kan ubansa, shi zai ɗauke shi har kabari, ba iyayen da suka zaɓa ba.

Duk da haka mu biyun mun san jerin nan na laƙabi ne kawai. Sunan yanka na Hajiya ne. Ƙannena mata tuni suka fara gaida cikin da "ina takwarar Hajiya". Mai ɗakina ba ta taɓa cewa uffan a kan haka ba, ko sau ɗaya. Ni kuma, Allah ya gani, ban taɓa zama na tambaye ta ko akwai wani suna da ke ranta wanda ba ta rubuta ba.

Naƙuda ta tashi ranar Litinin bayan la'asar. Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ya bar abincinsa ya fito da mota ya kai mu asibiti, kuma bai koma gida ba sai washegari da hantsi. Muka kwana a tsaye. Wajen asuba likita ta kira ni gefe ta ce bugun zuciyar jaririn yana raguwa, ita ma uwar ta galabaita, sai an yi aiki, kuma a nemi jini leda biyu a ajiye. Na sa hannu a takarda ban ma ga abin da nake rubutawa ba. Na tura saƙo layi biyu a zauren WhatsApp na unguwa da na abokan karatunmu na sakandare. Kafin rana ta fito mutum bakwai sun iso ƙofar ɗakin gwaji, wasu daga masallaci suka wuto kai tsaye. Na mutum biyu ya dace. Ɗaya abokina ne tun muna yara. Ɗayan wani saurayi ne mai tuƙa keke napep, ya kawo wani mara lafiya ya ji ana cigiya, ya naɗe hannun riga ya shiga layi. Da na fito nemansa in yi masa godiya ya riga ya tafi, ko sunansa ban sani ba. Idan wannan rubutu ya kai gare ka, ɗan'uwa, ka sani an yi maka addu'a ta musamman a taron sunan nan, kuma jama'a sun amsa da amin.

Lokacin da ake tura ta zuwa ɗakin tiyata, hankalinta ba ya jikinta sosai, sai muka ji tana kira, "Umma, Umma." Waɗanda suka san mu sun san mahaifiyarta ta rasu tana da shekara huɗu, a Sakkwato, wajen haihuwar ƙaninta, shi ma bai zauna ba. Gwaggonta ce ta riƙe ta har ta aurar da ita. Ko kamannin mahaifiyar ba ta iya tunawa sosai. Shekara biyu muna tare ban taɓa jin ta kira wannan suna da ƙarfi ba sai ranar. Hajiya tana zaune a kan benci da carbinta, ta miƙe duk da ciwon gwiwarta, ta bi gadon ta kama hannunta tana cewa, "Ga ni nan, 'yata, ga ni nan," har bakin ƙofar da ba a bari a wuce.

Bayan kamar awa ɗaya nas ta fito da jaririya a naɗe cikin zane, ta ce uwar ma tana nan da rai, ana ƙara mata jini. Na karɓe ta hannuna na rawa. Na yi mata kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, saura in faɗa mata sunanta in gama huɗuba. Sai Hajiya ta dafa kafaɗata.

"Dakata. Wane suna za ka sa?"

Na ce, "Naki mana, Hajiya."

Ta ce, "A'a. Ni ina raye, ina ji ana kirana. Takwarorina biyu a gidajen yayyenka. Yarinyar can da ke kwance, a kan wannan hanya uwarta ta tafi, kuma ka ji wadda ta kira ɗazu. Sa mata sunan uwarta."

Na ce to Baba fa, ai da shi aka tsayar da magana. Ta ce, "Bar ni da Malam." Aka kira shi a waya yana fitowa daga masallaci, ta yi masa bayani a taƙaice, ya ce a ba ni. Abin da ya faɗa bai wuce wannan ba: "Yadda uwarka ta ce haka za a yi. Allah ya raya Asma'u." Na sunkuya na faɗa mata a kunne, muryata ba ta fita sosai.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san takwara ba ƙaramin abu ba ce a wajen uwar miji. An sha ganin gidan da aka daina gaisawa saboda an kai suna dangin mata. Hajiya ba roƙonta aka yi ba, babu ma wanda ya yi tunanin abin balle ya roƙa. Ita ta gani da kanta ta bayar. Hajiya, na san sai an karanta miki wannan, kuma na san za ki ce me ya kai ni faɗa wa duniya. Ki yafe mini. Allah ya saka miki da Aljannar Firdausi, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ki ga auren wannan yarinya.

Sai da yamma mai jego ta dawo hayyacinta sosai. Hajiya ce ta ɗora mata jaririyar a ƙirji ta ce, "Ga Ummanki nan." Ba ta gane ba da farko, ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Kukan da ta yi sai da nas ta shigo ta roƙe ta ta sassauta saboda ɗinki. Daga baya ta gaya mini sunan yana ranta tun ranar da ta san tana da ciki, kunyar Hajiya ce ta hana ta ko rubuta shi.

Da yake bayan fitowar alfijir aka haife ta, ba a lissafa ranar haihuwar cikin bakwai ba, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suke karantarwa, sai suna ya faɗo Talata. Aka sallame su ranar Lahadi. Ranar suna tun bayan sallar asuba ƙofar gida ta cika, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, liman ya yi addu'a aka shafa. Kafin a watse ya ɗan yi nasiha a kan mai sunan ta asali, Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi da mahaifinta lokacin hijira, har aka yi mata laƙabi da mai ɗamara biyu. Ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu shi ne jariri na farko da aka haifa wa Muhajirai a Madina.

Surukina, Baba, ya taso tun daga Sakkwato shi da Kawu, ƙanin marigayiyar. Da aka faɗi sunan a fili surukin nawa bai ce komai ba, ya sa hannun babbar riga ya rufe fuska. Kawu ne ya zaunar da ni bayan an watse ya ce ita ma marigayiyar sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ci, kamar 'ya'ya mata da yawa a ƙasar Sakkwato. Ya ba ni wani labari da ban taɓa ji ba: ashe Nana tagwaye ce, ita da ɗan'uwanta Hassan aka haife su a 1793, amma Shehu bai sa mata sunan da aka saba sa wa tagwaye ba, ya zaɓa mata Asma'u. Ta rayu har 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Kawu ya ce, "Ka ga nauyin da ka ɗauka ke nan. Wadda ta ci wannan suna ba a barin ta babu karatu." Na karɓi wannan amana, Kawu, ku taya ni da addu'a.

A gida Ummi za a riƙa kiranta, tunda uwarta ba za ta iya faɗin sunan ba ta fuska biyu, ga sunan mahaifiya ga 'yar fari. Amma a takardar haihuwa Asma'u muka rubuta, haka kuma za a kai shi makaranta. Littafin nan na sunaye yana nan an ajiye wa masu zuwa, in Allah ya kawo.

Gwaggo, ke da kika riƙi marainiya kika mayar da ita 'yarki, yau ga shi kina riƙon jikarki. Na gode da kika saurari likita kika sassauta zafin ruwan wanka, kika ajiye ganyen darbejiya har ɗinki ya warke, kika rage kanwa a kunu. Na san ba haka aka yi muku ba a zamaninku, kuma ba kowace dattijuwa za ta yarda ba. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan kanwa da tsananin zafi suna taɓa zuciyar mai jego, ke kuma kika ce lafiyar 'yarki ta fi miki komai. Haka shi ma wanzaminmu, da muka ce aski kawai muke so ban da cire belu, bai ja da mu ba.

Likitar da ta yi aikin da ma'aikatan jinyar da suka kwana a kanta, da mai shara da ta ba Hajiya tabarmarta ta yi salla, Allah ya biya ku. Matan unguwa da suka kwana a bakin murhu suna suyar waina da dafa shinkafa, abokan aikina da suka haɗa hannu a kuɗin rago ba tare da na buɗe baki ba, 'yan'uwa da suka zo daga Funtuwa da Kaduna da Kano, da dangin Hajiya da suka tsallako daga Maraɗi, Allah ya bar zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Waɗanda suka kawo kayan barka, da waɗanda addu'a kawai suka aiko, duk sun iso. Masu jiran nasu rabon, mun sa ku a addu'a, Allah ya ba ku masu albarka. Wanda bai sami wurin zama ba ko abinci bai kai gare shi ba, ko na wuce shi ban gaishe shi ba, ya yafe mini, kaina ba ya tare da ni a makon nan.

Mai jego tana wajen Gwaggo har ta yi arba'in, masu son zuwa barka can za su same ta, an fi so bayan la'asar don ta samu ta huta da safe.

Ina da roƙo ɗaya ga dangi na Sakkwato da duk wanda ya zauna da marigayiya. Hoto ɗaya tak mai ɗakina take da shi na mahaifiyarta, shi ma ya dushe. Duk mai wani hoton, ko wanda ya yi makarantar allo da ita, ko ya san wani hali nata ko wata magana da ta saba faɗa, don Allah ya aiko mana ko ya faɗa wa Kawu. Muna so mu rubuta mu ajiye wa Ummi kafin ta fara tambaya. Wanda ya karanta har nan kuma, ya sa marigayiya Asma'u cikin addu'arsa, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta.

Wassalamu alaikum.