Tafiyata Kano Duba Tsohuwar Peugeot 404 a Wurin Gwanjo

Labarin motar ya iso mana Kaduna ne ta hotuna a WhatsApp. Peugeot 404 ce baƙa wuluk, tana sheƙi, an rubuta a ƙasan hoton cewa ƙirar 1970 ce, hannu ɗaya ta sani, kuma tun da ta baro kamfani ba a taɓa sauya mata ko noti ɗaya ba. Magadan wani attajiri ne suka yanke shawarar yin gwanjonta a Kano tare da sauran kayan gidansa. Yayana, wanda ya daɗe yana burin mallakar irin motar da mahaifinmu ya hau, ya ce in je in duba masa ita da idona kafin ya saka kuɗinsa, domin ni ne na yi zaman gareji a cikinmu.

Babu abin faɗa game da hanyar Zariya sai aikin titi da ƙura. Na sauka a Na'ibawa da rana tsaka, nan take na gane cewa kuɗin Adaidaita Sahu a Kano ya danganta da yadda mutum ya buɗe baki. Direban farko da ya ji ina tambayar hanyar Ƙofar Ruwa ya yanka mini kuɗin da a Kaduna zai kai ni daga Kawo zuwa Kakuri in dawo da canji. Na biyun, da na yi masa magana kamar ɗan gari, bai nemi ko rabin haka ba.

Mai masaukina, wanda ake kira Baba, tsohon bakanike ne, abokin maigidana na gareji, kuma tun da na yi sallama bai bari na taɓa aljihuna ba. Ya sa aka kawo gurasa da tsire, ya hana ni maganar otal, ya ce yaron abokinsa ba ya kwana a ɗakin haya alhali yana raye. Da la'asar ya zaga da ni cikin kasuwar Ƙofar Ruwa, inda na ga abin da ya ba ni mamaki: a wani lungu, bayan rumfunan kayan Toyota da Honda, akwai dattawa da ke zaune a kan tarin kayan Peugeot da mu a Kaduna, garin da ake harhaɗa ta, muke neman irinsu ido rufe. Na tsinci gilashin fitilar baya na 404 guda biyu a cikin wani buhu. Mai kayan ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, muka ja har sai da Baba ya sa baki ya ce, “Haba Alhaji, wannan fa shekara nawa yana kwance a nan yana cin ƙura?” Aka sallama mini a kan abin da bai kai kuɗin motar da na biya daga Kaduna ba. A daren nan Baba ya ba ni ɗan maganaɗisu da tocila, ya ce in bar wa masu kallo wajen da aka goge, ni in duba inda hannun mai goge-goge ba ya kaiwa.

An ajiye kayan gwanjon a harabar wani tsohon sito a Bompai. A bakin ƙofa akwai wani ma'aikaci da teburi da littafin rajista, wanda ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce wurin na masu saye ne, ba na 'yan kallo ba. Na ce masa wakili ne ni, na biya kuɗin rajista, amma duk da haka ya ƙi amsa gaisuwata, ya kuma gargaɗe ni da kakkausar murya cewa kada in kuskura in buɗe bonet. A ganina wannan rashin tsari ne, domin duk wanda zai sayar da tsohuwar mota da sunan ta asali ce, dole ne ya bar mai saye ya leƙa cikinta. Sai da Baba ya yi magana da ɗaya daga cikin magadan, wani matashi mai ladabi da ya durƙusa ya gaishe shi, sannan aka ba mu makulli.

Gaskiya motar ta yi kyau a ido. Peugeot ta fito da 404 a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma an ci gaba da ƙera ta a Faransa har 1975. Tsayayyun fikafikan bayanta da zagayayyun fitilun gabanta duk suna nan yadda na san su. Wani mutum mai babbar riga da ke tsaye a gefe yana ta faɗa wa jama'a cewa ƙirar Kaduna ce, mai ƙarfe na gaske. Na yi shiru, amma kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna bai fara harhaɗa mota ba sai 1975, saboda haka motar da aka ce ta 1970 ce ba yadda za a yi ta fito daga garinmu.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne sitiyari, domin a hagu yake. Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma kafin wannan rana motocin da ake kawowa don kasuwarmu sitiyarinsu a dama yake, irin na Ingila. Ke nan motar da aka saya sabuwa a Kano a 1970 ya kamata a same ta da sitiyari a dama, sai dai idan ta Nijar aka shigo da ita, ko kuma shekarunta ba su kai yadda aka faɗa ba. Na kwanta a ƙasan kujerar fasinja, na ɗaga dardumar roba, na haska tocila a bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin mota. A can na ga faci mai faɗin tafin hannu, an yi masa walda da kyau, an shafe shi da baƙin kwalta mai kauri, kuma a gefensa ga ramukan noti da aka toshe, daidai inda sandar sitiyari da fedoji suke zama. Na kira Baba, ya sa yatsa ya shafa, ya yi dariya ya ce shi kansa ya yi irin wannan aiki yana yaron gareji, lokacin da masu motoci suka yi ta kawo su a mayar musu da sitiyari hagu. Wanda ya gyara motar don gwanjo ya rufe facin ne don yana ganin abin kunya ne, alhali a duk jikinta babu shaidar da ta fi shi ƙarfi cewa ta riga 1972 shigowa ƙasar nan.

Daga nan sauran abubuwan suka yi ta fitowa. Motocin 404 na wancan zamani a jikin sitiyari ake sa musu giya, amma wannan an huda mata ƙasa an dasa sandar giya a tsakanin kujeru, bakin ramin ma ba a daidaita shi ba. Injin 404 na fetur mai 1,618 cc ne, a kishingiɗe yake a cikin bonet, kuma na 504 ɗan gidansu ne, shi ya sa makanikai ke ɗora shi ba tare da wahala ba. Wanda ke cikin wannan motar, Baba bai ko sunkuya ba ya ce na 504 ne. Da na goge wajen lambar inji na ga alamar an kankare ƙarfen da zarto, an sake buga lambobi da hannu, wasu sun nutse wasu suna sama, layin kuma ya karkace. Farantin kamfani da ke cikin bonet kuwa bai nuna alamar an taɓa cire shi ba, kuma lambarsa ta yi daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar. Maganaɗisu ya kama ko'ina a rufi da bonet, amma a ƙasan ƙofofin baya ya zame ya faɗi, alamar an cika wajen da fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, kafin fenti. Da na ja robar bakin but, sai ga fentin asali, ruwan madara, a ƙarƙashin baƙin. Ƙasan motar kuwa ƙalau yake, babu irin tsatsar da ke cinye motocin Legas, kuma ko mu a Kaduna da damina ta fi nauyi ba kasafai muke samun ƙasa mai lafiya haka ba.

Takardun ne suka fi ba ni haushi. An saka rasit a cikin firam, an jingina shi a gilashin gaba, takardar ta yi ja kamar ta tsufa, da kwanan wata na 1970, amma kuɗin da aka rubuta a naira yake. Naira ba ta fara aiki ba sai ranar 1 ga Janairu 1973. Kafin nan da fam da sule ake ciniki. Na ja matashin nan gefe na nuna masa, ya yi shiru, sannan ya ce, “Wallahi Malam, dillali ne ya kawo takardar, ya ce a cikin kayan mahaifinmu aka gani.” Na yarda da shi, domin fuskarsa ta nuna bai taɓa lura ba, kuma kafin a fara gwanjo ya sa aka ɗauke firam ɗin.

Da aka kaɗa ƙararrawa na fahimci cewa yawancin masu tayi ba ruwansu da duk wannan. Mutanen Kano suna da saurin yanke ciniki da ban taɓa gani a wajenmu ba, kuma ina yaba musu a kan haka, amma a nan sheƙin fenti da sababbin kujerun leda da sunan marigayi ake saye. Babu wanda na ga ya durƙusa ya leƙa ƙasa, wataƙila saboda shaddar da ke jikinsu. Na kira yayana na gaya masa cewa jikin na gaske ne kuma ya tsufa yadda aka ce, amma inji da giya da fenti da kujeru duk na baya ne, don haka kuɗin mota mai lafiya ya dace da ita, ba kuɗin wadda ba a taɓa ba. Muka tsayar da iyaka. An buɗe tayi a miliyan 4, kafin in ɗaga hannu sau biyu an wuce iyakarmu, mai gwanjo yana ta “Wa zai ƙara?” har ta tsaya a miliyan 11 a hannun mai babbar rigar nan da ya ce ƙirar Kaduna ce. A ra'ayina kusan rabin wannan kuɗi na labari ne, kuma idan ya so mayar da ita yadda take a da, neman injin 404 da giyar sitiyari kaɗai zai ci masa watanni a Ƙofar Ruwa.

Kafin in bar gari na leƙa Kantin Kwari na yi wa iyali tsaraba, inda atamfa ta fi ta Kaduna sauƙi ƙwarai. Baba ya raka ni tasha, ya ƙi karɓar komai, ya ce akwai wata 404 a wani gida a Fagge da ke kan duwatsu tun zamanin Shagari, sitiyarinta na nan a dama, zai tuntuɓi masu ita bayan Sallah. Motar da na shiga ta tsaya shan mai a Kwanar Dangora, muka shiga Kaduna bayan isha'i.