Ranar da na tsaga saiwar waken suya na ga ja kamar nama

Tsadar taki ce ta raba ni da masara a daminar 2023. Gonarmu ta gado tana bayan Kumo, ƙasa ta gaji, wuta-wuta kuma ta mamaye gefen gabas. Malamin gona ya ce in hutar da ita da waken suya, in cuɗanya irin da Nodumax, wani baƙin gari da cibiyar IITA ta Ibadan ke sarrafawa. Ya nanata mini cewa ba taki ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, zafin rana yana kashe su. Na ce to, amma maganar ba ta zauna mini ba.

Da sassafe muka jiƙa irin da ruwan ƙaro a gindin ɗorawa, muka barbaɗa garin har ya yi baƙi. Mun shuka rabi kafin azahar. Sauran muka bari shanye a kan buhu muka tafi salla da cin abinci, inuwa ta gusa, rana ta dake shi. Haka muka shuka shi da la'asar. Bayan mako uku na ga ganye bai yi duhu yadda nake so ba, hankalina ya tashi, na zuba yuriya a kunyoyi goma na shukar safe.

Da waken ya fara fure malamin ya dawo. Bai yarda in tumɓuke da hannu ba. Da fartanya ya haƙo tushe uku, ɗaya daga kowane ɓangare, ya ɗauraye su a bokiti. Na safe wanda bai ga yuriya ba, saiwarsa cike take da 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar dawa. Na la'asar 'yan kaɗan ne, na yuriya kuwa sai ka duba da kyau. Ya miƙo mini reza ya ce, "Malam, tsaga ɗaya ka gani." Na tsaga. Cikinsa ja ne, jan ɗanyen nama.

A tsugune ya yi mini bayani. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma shuka ba ta iya ɗaukarta haka. Bakteriyar da ke zaune cikin dunƙulen ita ke mayar da ita abincin shuka, shukar kuma tana biyanta da sukari. Idan ka zuba yuriya, shuka ta samu a ɓagas, sai ta daina karɓar bakteriyar. Takin da take so shi ne supa, wato takin fosfet. Jan kuwa wani sinadari ne ɗan'uwan himogulobin na jininmu. Aikinsa riƙe iskar oksijin, domin bakteriyar tana buƙatarta, amma in ta yi yawa tana lalata abin da bakteriyar ke aikin da shi. In ka tsaga ka ga fari, aiki bai kankama ba. In kore ne, ya ƙare.

Maganar oksijin ɗin ce ta tsaya mini a rai, don na taɓa jin irinta a asibiti. Ɗana na biyu ya yi shawara kwana uku da haihuwa, idanunsa suka yi ɗorawa. Gwaji ya nuna yana da ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga irin ɓarnar da oksijin ke jawowa. Abin gado ne, ya fi kama maza. Likita ta ce jininsa lafiya lau yake muddin bai haɗu da abin da zai farfasa ƙwayoyin ba. Ta hana mu sa kafur a kayansa (a ranar maiɗakina ta zazzage akwati ta wanke komai), ta hana ba shi magani ba tare da an faɗa wa likita ba, ta kuma ambaci ful, waken nan mai faɗi da ake ci a Sudan da Masar da Saudiyya. Da na ji an ce wake sai gabana ya faɗi, gidanmu ƙosai da alale ba sa yankewa. Ta ce ful ɗin ne ke ɗauke da abin da ke yin illar, ba farin wakenmu ba. Har yau duk wanda ya dawo daga Makka da gwangwaninsa, nakan roƙe shi kada ya ba yaron.

Na daɗe riƙe da dunƙulen nan a tafin hannu, har malamin ya ce ko lafiya. Na ce lafiya, tunanin yarona nake.

Da kaka ɓangaren safe ya fi kowanne cika buhu, yuriyar kuwa asarar kuɗi kawai na yi. Karan da saiwar ban bari an kwashe ba, na bar su suka ruɓe a wurin. Da na mayar da masara a 2024, tsohon da ke maƙwabtaka da ni ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Yaro, wane taki ka sa a nan?" Na ce, "Baba, rabin abin da na saba." Wuta-wutar ma ta ragu, ko da yake ba ta ƙare ba. Yanzu irin da za mu iya shukawa kafin azahar kaɗai nake cuɗawa, kuma reza tana aljihuna duk ranar da waken ya fara fure.