Daga Katsina zuwa Daura da saba a kan cinya

Da hantsi muka bar Katsina, tafiyar kusan kilomita 80 ta Mashi da Shargalle. Kwamfutar da za ta zama saba, wato wadda sauran kwamfutoci za su riƙa ajiye fayiloli a cikinta, tana kan cinyata cikin bargo, faifan ajiya biyu kuwa na cire su na sa a jaka. Faifai mai juyawa ba ya son girgiza, but ɗin tasi kuma buhun gero ne a ciki.

Wani Alhaji ɗan kasuwa mai sarin kayan masarufi a Daura ne ya kira. Kwamfutoci biyar gare shi, biyu a kanta, ɗaya a sito, biyu wajen masu lissafi, kowacce da nata kundin, sai filashi ke yawo tsakaninsu har an rasa wane lissafi ne na ƙarshe. Shi ransa yana kan irin doguwar sabar nan ta banki, da ya ga ana sayar da ta hannu da araha a Kano. Arahar a wajen saye kawai take. Irin wannan tana shan wat 100 zuwa sama ko ba ta aikin komai, ga ƙarar fanka, ga shi sai da ɗaki mai sanyi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma sai an gan ta, wannan jan wahala ne.

Abin da na ɗauko tsohuwar Dell OptiPlex ce mai tsayuwa, Core i5 zubi na 8, RAM 16GB, SSD 256GB domin manhaja, da faifai biyu masu 2TB. Ba ta wuce wat 30 a zaune. Mai tsayuwar na zaɓa saboda ta fi siririyar wurin sa faifai. Tun a Katsina na duba lafiyar faifan da manhajar smartctl, na ga awannin da suka yi suna aiki. Duk wanda ya fara nuna gurɓatattun sassa, a bar wa mai shi kayansa. Ƙaramin batirin CR2032 na cikin kwamfutar ma na canja, don in ya mutu agogo da saitin BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, duk za su ruɗe.

Daga Mashi zuwa gaba hazo ya rufe gonaki, kowa a motar ya ja rawani ko mayafi ya toshe hanci. Wannan ƙurar ce ke kashe kwamfuta a ƙasarmu. Shi ya sa da muka isa, Alhaji ya nuna ƙarƙashin kanta, na ce, "Ranka ya daɗe, nan ne tsintsiya ke tura ƙasa kullum." Muka kafa katako a bangon ofishin ciki, sama da ƙugu, nesa da taga, da tazarar taƙi ɗaya a bayanta don iska.

Manhajar Ubuntu Server 24.04 na ɗora, kyauta ce, kuma ana yi mata gyaran tsaro har 2029. Faifan biyu na haɗa su RAID 1, abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗaya. Sai manhajar Samba domin raba manyan fayiloli: kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, yaron sito yana ganin jerin kaya amma ba ya ganin riba. Adireshinta na tsayar a 192.168.1.10, na cire shi daga waɗanda rauta, na'urar da ke ba kowace kwamfuta da waya adireshi, ke rabawa, in ba haka ba wata rana wayar wani za ta karɓe shi, kowa ya ce saba ta ɓace. A BIOS kuma na kunna saitin da ke tayar da ita da kanta in wuta ta dawo.

Wayar haɗa kwamfutocin ce ta ci mana yini. Cat6 muka ja zuwa siwic, akwatin da wayoyin ke haɗuwa, mai ƙofa 8, kowane zare bai kai mita 100 ba, wanda shi ne iyaka. Amma kwamfutar sito ta tsaya a 100Mbps alhali sauran suna 1000. Gudun 1000 sai da duk silli takwas na cikin waya, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka silli ɗaya ya saki a kai, layi zai yi aiki amma da jan ƙafa. Testa ta nuna silli mai launin ruwan ƙasa ne bai shiga ba. Muka yanke kan, muka sake matsewa. A kula da wayar da ake cewa CCA, alminiyam ce aka shafa wa tagulla. Kankare ta da reza, in fari ya bayyana, ba tagulla zalla ba ce.

Batun wuta lissafi ne. Batir mai volt 12 da 100Ah yana riƙe 1,200Wh, rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe. Saba da siwic da rauta wat 45 ne, ke nan awa 11 zuwa 12 bayan abin da inbata ke sha. An sa inbatar a yanayin UPS, don in ta yi jinkirin sauyawa sabar za ta mutu tana tsakiyar rubutu.

Bayan la'asar na leƙa rijiyar Kusugu, na dawo muka ƙarasa maganar da Alhaji bai so ji ba: faifai biyu ba ajiya biyu ba ne, fayil ɗin da aka goge a ɗaya ya tafi a duka. Na saita kwafi kullum ƙarfe 9 na dare zuwa faifan waje, da wani na biyu da zai riƙa kwana a gidansa, ana musanya su duk Juma'a. Na goge fayil ɗaya a gabansa, na sa babban yaronsa ya dawo da shi da hannunsa, sannan na nufi tasha kafin motocin Katsina su ƙare.