Makin da na ba Kufena

Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta duk dutsen da na hau a ciki, in ba shi maki iri biyu, na wahala da na daɗin kallo, kowanne daga 1 zuwa 5. Dala ta samu 1 a wahala, don matakala ce ta siminti guda 101, ɗan firamare ma sai ya haye kafin ka gama ɗaura takalmi. A daɗin kallo kuwa 4 na ba ta. Ka tsaya a kai da la'asar sakaliya, ga Goron Dutse can gefe, ga tsohon birnin Kano shimfiɗe a ƙasanka, ka tuna nan ne aka ce Barbushe ke hawa wurin Tsumburbura.

Kufena ta Zariya ce ta tona mini asiri. A watan Janairu na fara hawanta ta ɓangaren Wusasa, dutse a bushe ƙayau, takalmi na kama shi kamar an sa danƙo. Ban ko yi haki sosai ba, na sauko na rubuta 2. Cikin Agusta Baffa ya zo mana, ya ce yana son ya ga dutsen nan da ake ta ba da labarin tsohuwar ganuwar da ke gindinsa. Na buɗe littafi da alfahari na ce, "Baffa, ai 2 ce kacal, za ku iya."

An yi ruwa da asuba, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Hawa bai ba mu wuya ba, sai dai tsayawa da muka riƙa yi Baffa na maida numfashi. Saukowa ce ta zame mana aiki. Falalen da na taka a tsaye da rani ya sha ruwa, gansakuka ta fito masa, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Muka cire takalma muka rataya a wuya, muka zauna muna jan jiki kaɗan-kaɗan, ni a gaba ina tare masa ƙafa. Dattijo mai furfura, da babbar riga a naɗe a kafaɗa! Da muka iso ƙasa ya daɗe bai ce uffan ba, can ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan biyun taka, da ƙafar wa ka auna ta?"

Daga ranar na daina rubuta lamba tsirara. Sai na sa watan da na hau, in raba makin hawa da na sauka, don gwiwa a gangara take kuka, in kuma faɗi ko akwai inuwa da inda mutum zai zauna ya huta.

Makin kallo ma ya taɓa yaudarata. Duwatsun Shere, gabas da Jos, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, garin kansa kuma yana wajen mita 1,200. Na je a Disamba, na sha sanyi da wahala, na isa sama hazo ya rufe komai, ko garin ban hango ba. Cikin haushi na ba su 2. Da na koma ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, ko'ina kore shar, sararin sama wasai, sai na ji kunyar abin da na rubuta na mai da shi 5. Sai dai a lokacin ciyawa ta haɗiye hanya, ba don wani saurayi ɗan yankin da ya yi mana jagora ba, da mun yi ta bulayi.

Keke kuwa shafinsa daban. Hanyoyin da suka zagaye tsofaffin kududdufan haƙar kuza a wajen Rayfield da ke Jos, a ƙafa yawo ne kawai. A kan keke tsakuwa na kwashe tayar gaba, ga ramukan zaizaya da ba ka gani sai ka zo kansu, ga ƙaya. Sau biyu na yi faci a yini ɗaya.

A shafin Kufena yanzu an rubuta: Janairu 2, Agusta 4, sauka 5 in an yi ruwa. Baffa ya karɓi biro ya ƙara da hannunsa a ƙasa: "Wanda ya haura sittin ya tambaye ni tukuna."