Ranar da aka raba maganin tsutsar ciki a lakwal ɗinmu

Shekarata shida ina koyarwa a wani ƙauye kusa da tabkin Tabalak, cikin jihar Tawa. Yaron da tsutsa ke ci, yanzu ba sai lokotoro ya nuna mini shi ba. Ciki kamar tulu, hannuwa kamar tsinke, in ka ja fatar idonsa ƙasa ka ga ciki fari fat. Ƙarfe goma bai yi ba ya kifa kai bisa tebur. Da can bulala nake ɗaukowa, ina cewa lalaci ne. Allah ya yafe mini.

Makon jiya ma'aikatan lafiya suka zo. Tun 2004 Nijar ke wannan rabo a makarantu. Albendazole ƙwaya ɗaya ce, miligiram 400, taunawa ake yi. Praziquantel kuwa, maganin tsargiya, sai an jingina yaro da sandar awo, tsawonsa ne ke faɗin ƙwaya nawa zai sha. Ɗaci gare shi, kuma ba ya son wofin ciki. Na faɗa wa iyaye tun jajibiri a ba kowa ko da kunu ne, amma uku suka zo haka nan, suka yi ta amai bayan aji.

Kwana biyu, wata uwa ta tare ni a rijiya, ta ce ɗiyarta ta kasayar da macijin ciki ya fi taƙi guda. Tana murna, ni kuwa ina kallon ƙafar yarinyar, ba takalmi. Lakwal ɗinmu ba ta da masai mai aiki, bayan gari kowa ke tafiya, ƙwan tsutsar yana nan cikin ƙasa. Wata irin ta tafin ƙafa take shiga, wata ta hannun da ba a wanke ba. Kafin damina ta wuce sun koma.

Ranar rabon kuwa, ma'aikatan na naɗe kaya sai ga wani dattijo Bafillace, da sanda a kafaɗa.

"Mushe, ɗana fa? Yana can daji da shanu, cikinsa kullum murɗa."

"Baffa, kawo shi yanzu, kafin mota ta tashi."

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce rugar da nisa, kuma in yaron ya taho ba mai tsare dabbobi. Na roƙi malamar asibitin ta rubuta masa takarda zuwa CSI, wato ƙaramin asibitin yankin. Ya ninke ta huɗu, ya soke cikin hula, ya ce sai ranar kasuwa.