Yadda ake buɗe makarantar Maori a Niyu Zilan

Mu a Damagaram, tun 1973 aka gwada koyarwa da Hausa a firamare, don haka tsarin Maori, 'yan asalin Niyu Zilan, na koyar da yara da harshensu ba baƙo ba ne a wurinmu.

Irin wannan makaranta suna kiranta kura kaupapa. Ta farko ta buɗe a Hoani Waititi, wani dandalin taron Maori a birnin Auckland, a 1985, doka ta amince da irinta a 1989. Ministan ilimi ne ke ba da izinin kafawa. Sharaɗi: harshen Maori ne zai ja darussa, kuma tun 1999 wajibi ne a bi Te Aho Matua, takardar ƙa'idojin tarbiyyarsu. Kwamitin iyaye ke riƙe ragama, gwamnati ke biyan malamai, masu duba makarantu na zagayowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne malamai: wanda ya iya lissafi kuma ya iya harshen sosai, samunsa sai an tona.